Daga Ƙarƙashin Mota

Ran Talata Alhaji Mainasara ya zo garejina,
bayan Tashar Illela, inda ƙasa ta sha baƙin mai har ta ƙoshi.
Ya tsuguna yana tattare bakin riga,
ya yi sallama da ƙafafuna,
don sauran jikina na can ƙarƙashin mota.

Ya ce, "Gado, wurin saida motoci zan buɗe,
amma iri guda nika so:
tambari guda, kayan gyara guda, ciwon kai guda.
Shekara talatin kana buɗe cikinsu,
hwaɗa min wadda kowa zai so ta."

Na ce ya ba ni kwana bakwai.

Laraba sai ga Lauwali, gemu bai gama fitowa ba.
Shi Honda yake so, mai rungume kwalta,
wadda in ya taka ta a hanyar filin jirgi
bishiyoyi za su koma zane guda,
allurar gudu ta je ƙarshe ta kwanta.

Nahantsi mai albasa ya zo daga Kware
da laka har gwiwa, sifirin ya karye.
Ya ce, "Kyau? Wa ya taɓa sayen jaki don kyau?
Ba ni mai ɗaukar buhu arba'in,
ta shiga fadama da ƙafarta,
ta fito ba a tara ƙauye an tura ta."

Hajiya Kulu ungozoma ba ta ko sauko ba,
gilashi ta zuge kaɗan, rana na dukan rufi.
"Ka san Sakkwato a watan huɗu.
Ni dai sanyi, Gado.
Sanyi, da tankin da ba ya cinye albashi,
da makullin da in an kira ni ƙarfe biyun dare
murɗawa ɗaya zai tashe ta."

Malam Attahiru kuwa Fijonsa ta girmi ɗansa na fari.
Ya shafa sitiyari kamar mai shafa kan maraya.
Ya ce na yanzu sun cika ƙorafi,
ka manta bel su yi tsuwa, ka ja baya su yi tsuwa.
Shi giyar hannu ya sani,
ya ji injin na tari ya gane damuwarta.

Sadiku bai tambayi inji ba ko sau ɗaya.
Marsandi, baƙa wuluk.
In ya tsaya a Gawon Nama
mai tsire ya bar wuƙa ya dube ta.

Daren Lahadi na kwanta a tsakar gida
ina harhaɗa musu mota guda a kaina:
goshin Marsandi, bayan a-kori-kura,
zuciyar Honda, haƙurin tsohuwar Fijo,
na ɗora sanyin Hajiya a sama.
Abin da ya fito,
raƙumin da ke wucewa kasuwar Acida
sai ya tsaya ya yi dariya kafin ya huta.

Da Talata ta zagayo, Alhaji ya dawo.
Na ɗaga masa hannuna, baƙi ƙirin,
na ce ya nuna min yatsu biyu masu tsawo ɗaya.
Ya ce ba wa'azi ya zo ji ba, suna yake so.

Na ce, to, daga inda nake kwanciya
ban taɓa ganin tambari ba.
Ƙarfe ne, da tsatsa, da mai yana ɗiga a ido.
Amma in dole sai guda,
kawo wadda ta fi saurin lalacewa,
ni ma ina da 'ya'ya takwas da kuɗin makaranta.

Ya yi dariya har hularsa ta goce.
Bai ce ga wadda zai kawo ba.

Da magariba na wanke hannu da kananzir,
na rufe akwatin sifana,
na hau kekena, sarƙa na ƙara,
na bi ta Runjin Sambo a hankali,
motoci na wuce ni, kowace da mai son ta.